"An Cece Ka?": Abin da Ya Sa Ɗan Katolika Ba Ya Amsawa da Kalma Ɗaya

Duk wanda ya saba ratsa Kejetia a Kumasi da sassafe, ko ya hau motar haya ta trotro daga Asawase zuwa Adum, ya san tambayar nan. Mai wa'azi zai miƙe da Littafi Mai Tsarki a hannu, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ɗan'uwa, an cece ka? In ka mutu a daren yau, ka tabbata Sama za ka?" Musulmin da ke cikin motar ba su cika ɗauka da su ake ba. Wanda tambayar ke kamawa a wuya shi ne ɗan Katolika. Sai ka ga ya yi jim, can ya ce, "To, ina fata." Mai wa'azi kuwa ya samu abin da yake nema: ga Kirista wai, amma bai san inda za shi ba.

Abin ba ƙarami ba ne a gare mu. A ƙidayar 2021 'yan Katolika kashi 10 cikin 100 ne na mutanen Gana, alhali a 2010 sun kai kashi 13.1, a 2000 kuma 15.1. Majami'un Fentikos da na Karismatik sun kai kashi 31.6. Dalilan raguwar suna da yawa, amma a cikin 'ya'yanmu na zango, jikokin Farafara da Dagaba da Kasena waɗanda iyayensu suka gangaro Kumasi neman aiki suka tashi da Hausa a baki, na ga yadda wannan tambaya ɗaya tak take girgiza matashi. Yana jin cewa wancan yana da tabbaci, shi kuwa an bar shi da wataƙila. Ni kuwa na yi imani amsar Ikilisiyarmu ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, matsalar ita ce ba mu iya faɗinta ba.

Farko dai a san inda maganar ta zauna. Katekizim, wato littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika wanda aka fitar a 1992, ya ajiye ta a ƙarƙashin doka ta farko cikin Dokoki Goma, wato hakkin Allah a kan bawansa. Cikin wannan hakki akwai bege: mutum ya jira albarkar Allah da ganin fuskarsa da cikakken dogaro, tare da tsoron ɓata wa ƙaunarsa. Sakin layi na 2091 da 2092 suka ce zunubi biyu ne ke kashe bege. Ɗaya yanke ƙauna, mutum ya ce tasa ta ƙare, Allah ba zai gafarta masa ba. Ɗayan shi ne ganganci da rahamar Allah, wanda malaman Latin suka kira praesumptio. Shi ma fuska biyu gare shi. Ko dai mutum ya dogara da ƙarfin kansa, yana zaton zai ceci kansa ba tare da taimako daga sama ba, ko kuma ya jingina da iko da jinƙan Allah yana jiran gafara ba tare da tuba ba, da ɗaukaka ba tare da ya yi komai da alherin da aka ba shi ba.

Fuska ta farko tsohuwar rigima ce, kuma a ƙasar Afirka aka yi ta. Felajiyus, wani malami da ya fito daga tsibiran Birtaniya, ya koyar da cewa ɗan Adam yana da ikon bin dokar Allah da ƙoƙarin kansa. Agustin, bishop na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya tsaya masa tsayin daka, kuma taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da koyarwar a 418. Kusa da ƙarshen rayuwarsa Agustin ya rubuta littafi guda a kan cewa ko jimrewa har ƙarshe baiwa ce, roƙonta ake yi. Wannan ya kamata masu cewa 'yan Katolika da ayyukansu suke neman sayen Sama su sani: mai zaton haka, a koyarwar Katolika kanta, zunubi yake yi.

Fuska ta biyu ita ce ta fi kusa da mu, a kanta zan daɗe.

Littafin Sirak, wanda ke cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, ya faɗe ta ƙarara a sura 5: kada ka ce na yi zunubi, me ya same ni, kada ka ce jinƙansa da yawa, zai yafe tarin laifofina, kada ka riƙa ɗage komawa ga Ubangiji daga yau zuwa gobe. Bulus ma ya yi tambayar a Romawa 6:1, ko za mu ci gaba da zunubi don alheri ya ƙaru, ya amsa da a'a mai zafi. Shaiɗan kansa da wannan ya gwada Yesu a kan ƙololuwar Haikali: faɗa ƙasa mana, ai an rubuta mala'iku za su tallafe ka. Ya jawo alkawarin Allah na gaskiya, ya nemi a mai da shi lasisin yin abin da aka ga dama. Yesu ya amsa masa da cewa kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

Toma Akwinas, babban malamin tauhidin Katolika wanda ya rasu a 1274, ya lissafa ganganci da yanke ƙauna cikin zunubai shida da ake yi wa Ruhu Mai Tsarki, domin kowannensu yana toshe ƙofar da gafara za ta bi ta shigo. Mai yanke ƙauna ba ya roƙo don yana ganin ba za a ba shi ba. Mai ganganci ba ya roƙo don yana ganin ya riga ya samu. Sai dai Toma ya yi wani bambanci da nake so kowane katikis, wato mai koyar da addini a coci, ya riƙe. Ya ce wanda ya yi zunubi da niyyar dawwama a cikinsa, yana kuma jiran gafara, shi ne mai ganganci. Amma wanda rauni ya kayar, yana cikin faɗuwar yana begen wata rana zai tuba ya daina, ba a kiran wannan ganganci, hasali ma yana nuna zuciyarsa ba ta gama kafewa a kan zunubin ba. Ya ƙara da cewa yanke ƙauna ya fi ganganci muni, domin jinƙai da yafewa sun fi dacewa da Allah a kan hukunci. Wato Ikilisiya ba ta cewa kada ka sa ran gafara. Abin da take hanawa shi ne ka mai da sa ran gafarar dalilin da zai sa ka ƙi sakin abin da ke hannunka.

A nan ne nake ganin mu 'yan Katolika muka fi kowa bukatar duba kanmu. Je ka majami'a ranar Asabar da yamma, ka ga layin masu jiran ikirari, wato furta zunubi ga Fada limamin coci, a kan benci, kowa ya sunkuyar da kai, wata tsohuwa tana jan carbi, wani saurayi da man gareji a farcensa yana jujjuya waya a hannu. Abin sha'awa ne, kuma ni ma a layin nake. Amma akwai maganar da mukan yi a zuci tun ranar Laraba: bari in yi, ai Fada yana nan ranar Asabar. Mai awo ya danne mudu, mai gida ya riƙe kuɗin yarinyar da ke masa aiki, magidanci ya ajiye wata a Tafo matarsa ba ta sani ba, kowa da lissafin cewa akwai wurin wankewa. Katekizim a sakin layi na 1451 ya ce tuba ita ce baƙin cikin zuciya da ƙin zunubin da aka yi, tare da ƙudurin ba za a koma ba. In babu wannan ƙuduri, ko Fada ya ɗaga hannu ya faɗi kalmomin gafara, mutum ya fita da kayansa kamar yadda ya shiga. Fada ba ya ganin zuciya, Allah yana gani. Haka ma wanda ya rataya lambar Maryamu a wuya yana ɗaukarta kamar laya, ko wanda ya tabbatar katinsa na coci ya cika da hatimi don a yi masa jana'iza mai kyau, amma ya shekara goma ba ya magana da ƙaninsa saboda fili. Babban taron Vatikan na Biyu ya faɗi magana mai nauyi a kan irin wannan a 1964: wanda yake cikin Ikilisiya amma bai jimre cikin ƙauna ba, ba zai tsira ba, domin yana cikinta da jiki ne kawai, zuciyarsa ba ta ciki, kuma 'ya'yan Ikilisiya da ba su amsa alherin da aka ba su ba, hukuncinsu zai fi tsanani. Wannan da mu ake, ba da wani ba.

To, ina batun tabbaci? Shin Katolika yana nufin mutum ya rayu cikin fargaba har ya mutu?

Tambayar ta yi zafi ne a ƙarni na 16. Martin Luta, wanda Furotesta suka faro daga gare shi, ɗan zuhudu ne da tsoron hukunci ya addaba, yana ikirari yana sake ikirari, zuciyarsa ba ta kwanta ba, har ya samu hutu cikin alkawarin cewa mai adalci da bangaskiya zai rayu. Ba na raina wannan azaba, domin na san masu irinta a cikinmu. Daga baya magoya bayan Jon Kalbin, wani jagoran Furotesta, suka ƙara gaba, kuma a taronsu na garin Dort daga 1618 zuwa 1619 suka tsayar da cewa wanda Allah ya zaɓa ba zai taɓa faɗuwa har abada ba. Daga wannan jijiya ne maganar nan ta "in an cece ka sau ɗaya, an cece ka ke nan" ta samo asali, ko da yake yadda ake faɗinta a tasha yau ta yi nisa da tsantsenin mutanen Dort. Kuma a yi adalci: ba duk Furotesta ne suka yarda da ita ba. 'Yan Metodis da majami'un Fentikos da dama, irin su Assemblies of God, suna koyar da cewa mai bi yana iya juya baya ya rasa abin da ya samu.

Amsar Katolika ta fito daga taron Trento a arewacin Italiya, cikin dokar baratarwa, wato yadda Allah ke mai da mai zunubi mai adalci, wadda aka amince da ita ranar 13 ga Janairu 1547, mai babi 16 da hukunce-hukunce 33. An sha muhawara kafin a daidaita kalmomin, domin a cikin malaman taron kansu akwai masu ganin mutum yana iya samun wani irin tabbaci. Abin da aka tsayar a babi na 9 kashi biyu ne, kuma masu sukar mu kashi na biyu kaɗai suke karantawa. Na farko: babu mai tsoron Allah da ya kamata ya yi shakkar jinƙan Allah, ko isar aikin Almasihu, ko ƙarfin sakramenti. Na biyu: idan mutum ya dubi kansa da rauninsa, yana iya jin tsoro game da halin da yake ciki, domin babu wanda zai iya sani, da irin tabbacin bangaskiya wanda kuskure ba ya shiga, cewa ya samu alherin Allah. Babi na 12 da na 13 suka ƙara da cewa ba wanda zai ce lalle yana cikin zaɓaɓɓu, ko lalle zai jimre har ƙarshe, sai in Allah ya bayyana masa ta wahayi na musamman. Amma kowa ya kafa begensa daram a kan taimakon Allah, wanda ba ya barin aikin da ya fara sai in mutum ne ya juya wa alherin baya.

Ka ga inda shakkar take. Ba ta taɓa Allah ko kaɗan. A kaina take, ni da na san abin da na yi jiya, ban kuma san abin da zan yi nan da shekara ashirin ba. Kamar wanda ya hau babbar mota daga Kumasi zai tafi Bolga: motar lafiyayya ce, direban ba ya kuskure, an ma biya masa kuɗin tikiti, ba kuma wanda zai fizge shi daga kujerarsa. Amma in an tsaya a Kintampo, ƙafarsa ce za ta iya sauke shi, ya bi wani abu ya ƙi dawowa. Misalin ya gaza a wuri ɗaya, domin a koyarwarmu ko zaman da yake yi a kujerar da taimakon Allah yake yi. Filibiyawa 2:12 da 13 sun haɗa duka biyun: ku yi aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, har ku yi niyya ku kuma aikata.

Ayoyin da mai wa'azi ke karantawa gaskiya ne, namu ne mu ma, kuma a Mas, babbar ibadarmu, ake karanta mana su. Yahaya 10:28 ta ce ba mai ƙwace tumakin daga hannun Makiyayi. Romawa 8:38 da 39 ta ce ba mutuwa, ba rai, ba wata halitta da za ta raba mu da ƙaunar Allah. Wasiƙar Yahaya ta fari 5:13 ta ce an rubuta ne domin ku san kuna da rai madawwami. Amma wasiƙar nan da kanta ta cika da ma'auni: wanda ya ce ya san shi bai kiyaye umarninsa ba maƙaryaci ne, wanda ba ya ƙaunar ɗan'uwansa yana zaune cikin mutuwa. Bulus ɗin da ya rubuta Romawa 8 shi ne ya rubuta a Romawa 11:22 cewa alherin Allah yana kanka muddin ka tsaya a cikinsa, in ba haka ba kai ma za a sare ka. Shi ne ya ce a 1 Korintiyawa 9:27 yana horon jikinsa kada bayan ya yi wa wasu wa'azi shi a ƙi shi. Shi ne ya ce a 4:4 lamirinsa ba ya zarginsa da komai, amma wannan bai baratar da shi ba, Ubangiji ne mai shari'arsa. A 10:12 kuma ya ce mai zaton yana tsaye ya yi hankali kada ya faɗi. Yesu da bakinsa ya ce wanda ya jimre har ƙarshe shi ne zai tsira. Katolika ba ta yarda a ɗauki rabin ayoyin a rufe rabi ba. Shi ya sa in aka ba ɗan Katolika sarari, amsarsa uku ce a haɗe: an cece ni ta mutuwar Almasihu da tashinsa, wanda aka ba ni rabonsa a baftisma, ana kan cetona yau, ina kuma begen za a cece ni a ƙarshe. Littafi Mai Tsarki ya yi magana da dukan ukun.

Daren da aka kama Yesu ya nuna duka ramukan biyu. Bitrus ya bugi ƙirji ya ce ko kowa ya gudu shi ba zai gudu ba, kafin zakara ya yi cara ya yi musun saninsa sau uku. Ba ƙarya yake yi ba sa'ad da ya yi alkawarin, da gaske yake ji, kuma abin da ya kamata ya tsoratar da mu ke nan: jin tabbaci a zuciya ba shi ne tabbacin ba. Yahuza kuwa ya yi nadama, ya mayar da azurfa talatin, ya ce ya ba da marar laifi, amma ya yanke wa kansa hukunci bai koma neman gafara ba. Bitrus ya fita ya yi kuka mai zafi, ya dawo, aka ba shi kiwon tumaki. Babban cocinmu na Kumasi a Roman Hill sunansa yake ɗauke da shi.

Wannan bai sa an bar mutum cikin duhu ba. Toma Akwinas ya ce ana iya gane alheri ta alamu, ko da ba da tabbacin da ba ya kuskure ba: mutum ya ga yana jin daɗin Allah, abin duniya bai mallake shi ba, kuma bai san wani zunubi mai kisa a kansa ba. Zunubi mai kisa kuwa ba a faɗa masa cikin barci. Katekizim a 1857 ya ce sai abu uku sun haɗu: al'amarin ya zama babba, mutum ya sani sarai, ya kuma yarda da gangan. Wanda ya duba zuciyarsa da gaskiya, ya furta abin da ya sani, ya ji kalmomin gafara, ya karɓi Jikin Almasihu, yana da dalili mai ƙarfi na kwanciyar rai, kuma in ya mutu a daren nan ya tafi da sa rai mai kyau. Ina faɗin wannan ne musamman saboda masu waswasi, waɗanda ke furta zunubi ɗaya sau biyar don suna tsoron ba a yafe ba. Mma, in kina cikinsu, shakkarki ta tsallake kanki ta taɓa alkawarin Allah, wurin da aka ce kada a yi shakka. Abin da aka yafe an yafe.

Amsar da ta fi kowace kyau a wannan babi wata yarinya ce 'yar ƙauye ta ba da ita, ba ta iya karatu ba, shekarunta wajen 19. A 1431, a garin Rouen na Faransa, alƙalan coci da ke goyon bayan Ingila suka tambayi Jan Dark ko ta san tana cikin alherin Allah. Tarko ne. In ta ce i, su ce ta yi ganganci, ta ɗauki sanin da ba na mutum ba. In ta ce a'a, ta yanke wa kanta hukunci. Sai ta ce: in ba na ciki, Allah ya sa ni, in ina ciki, Allah ya riƙe ni a ciki. Sun ƙone ta ranar 30 ga Mayu na shekarar, Ikilisiya ta ayyana ta tsarkaka a 1920, kuma Katekizim ya ɗauko amsar tata a sakin layi na 2005. Dubi yadda ba ta tsaya auna kanta ba, ta mai da tambayar addu'a.

Mu da muka tashi a zango kunnenmu ya saba da wani abu mai kama da wannan. In an yi rasuwa a Aboabo, ka je gaisuwa ka zauna a tabarma, za ka ji Alhaji ya ce, "Allah ya jiƙansa, mu kuma Allah ya sa mu cika da imani." Malamai suna koyar da cewa mumini yana tafiya tsakanin tsoro da kwaɗayin rahama, Alƙur'ani a Suratul A'araf aya ta 99 ya yi gargaɗi ga masu sakankancewa, a Suratuz Zumar aya ta 53 kuma ya hana yanke ƙauna. Ba na cewa addinin biyu abu ɗaya suke faɗa. A wurinmu tushen begen shi ne gicciye da tashin Almasihu, Musulmi kuwa bai yarda da wannan ba, kuma ba girmamawa ba ce a shafe bambancin. Amma maƙwabcina Musulmi yakan gane nan take abin da nake nufi in na ce ina roƙon kyakkyawan ƙarshe. Kowace "A gaishe ki Maryamu" da muke ja a carbi tana ƙarewa da roƙon a yi mana addu'a yanzu da lokacin mutuwarmu.

Tsakaninmu da Furotesta ma tazarar ta ragu fiye da yadda ake zato a tasha. Ranar 31 ga Oktoba 1999, a Augsburg ta Jamus, Ikilisiyar Katolika da Tarayyar Lutaran ta Duniya suka sa hannu a kan sanarwar haɗin gwiwa game da baratarwa, kuma akwai sashe guda a ciki kan tabbacin ceto. Ɓangarorin biyu suka furta tare cewa masu bi za su iya dogara da jinƙai da alkawuran Allah duk da rauninsu. Ɓangaren Katolika ya ce ya yarda da damuwar masu gyara na ƙarni na 16, cewa mutum ya kau da ido daga abin da yake ji ya dogara da kalmar gafara ta Almasihu. Majalisar Metodis ta Duniya ta shiga sanarwar a 2006, tarayyar majami'un Rifom kuma a 2017. Yawancin masu wa'azin trotro ba su cikin waɗannan ƙungiyoyi, amma yana da kyau matashinmu ya san cewa magadan Luta da kansu sun zauna da mu sun ga inda maganar ta haɗu.

Akwai wata sakankancewa da ba a cika ambata ba, ita ce ta yanke wa wani hukunci. Bafarisiyen da ke Luka 18 bai tsaya a kan tabbacin kansa ba, har ya nuna mai karɓar haraji da yatsa, kuma mai karɓar harajin ne ya koma gida baratacce. Ikilisiya tana da jerin waɗanda ta ayyana suna Sama, ba ta da jerin waɗanda ta ayyana suna wuta, ko mutum ɗaya. Katekizim a 1037 ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa wuta ba, a 2283 kuma ya ce kada a yanke ƙauna ko ga wanda ya kashe kansa. Takardar Vatikan na Biyu da ta gargaɗe mu ita ce kuma ta ce shirin ceto ya haɗa da masu shaida Mahalicci, a gabansu kuwa Musulmi. Ɗan Katolikan da ke zaune gida ɗaya da Musulmi, suna ɗiban ruwa a famfo ɗaya, ba shi da izinin cewa ya san makomar maƙwabcinsa.

Ko ayyana tsarkaka ba a yinta da gaggawa. Kadinal Peter Porekuu Dery, bishop na farko na Wa tun 1960, daga baya babban bishop na Tamale, ya rasu a 2008, kuma mutanen arewa da yawa ba su da shakkar nagartarsa. Duk da haka bincike aka buɗe, ana tattara shaidu, ana jira. In haka ake yi wa irinsa, ya kamata mu sake duban abin da muke yi a jana'izarmu. Kumasi gari ne da ya ɗauki jana'iza da girma. Bangon kowace unguwa cike yake da hotunan mamata, a sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an kira shi zuwa ɗaukaka, ko ya koma gida. Na fahimci zuciyar da ke rubuta haka, ƙauna ce da neman ta'aziyya. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo baya a gidajen Katolika: an kashe dubban sidi a kan rumfa da kiɗa da yadin makoki, an gama tabbatar wa juna cewa Baba yana Sama, sai ba wanda ya tuna ya sa a yi masa Mas bayan wata ɗaya, balle ranar 2 ga Nuwamba da ake tunawa da dukan matattu masu bi. Wanda aka riga aka ayyana ya isa, wa zai yi masa addu'a? Mun yi ganganci a madadinsa, kuma shi ne ya yi asara, domin koyarwarmu ita ce wanda ya mutu cikin alheri yana iya bukatar tsarkakewa, addu'ar masu rai kuma tana taimakonsa.

Monika, mahaifiyar Agustin, ta rasu a Ostiya kusa da Roma a 387. Ta ce wa 'ya'yanta su binne ta ko'ina, kada wannan ya dame su, abu ɗaya take roƙo: su tuna da ita a bagaden Ubangiji duk inda suke. Agustin ya san irin matar da ta haife shi, wadda ta yi shekaru tana kuka a kansa har ya tuba, kuma ya ce ya gaskata Allah ya riga ya yi abin da yake roƙa mata. Amma ya roƙa mata gafarar zunubanta a rubuce, ya kuma nemi duk wanda ya karanta littafinsa ya tuna da ita da mijinta Fatrishiyus a wurin bagade.